Jikokin Masinja

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da dama, har sunayen wasu jikokina sai an tuna mini, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da Bature Mai Lofe ya dawo daga hutu ba. In na tuna ranar nan, har yau sai in ji gumi ya tsattsafo mini a ƙeya, ko da kuwa a inuwa nake zaune.

Lokacin ina masinja a barikin Wurno, shekarun da sojoji ke dawowa daga yaƙin Bama. Ubangidana Baturen gona ne, shi ke duba fadamu da gonakin albasa tun daga Rabah har Goronyo. Sunansa na gaskiya ya fi ƙarfin harshenmu, sai muka sa masa Mai Lofe, don lofe ba ya barin bakinsa ko da faɗa yake yi. Ni kuwa ina da kaki, da jar dara, da ɗamarar fata mai ƙarfe a gaba, kuma in gaya muku gaskiya ina ji da kaina ƙwarai. In na ratsa kasuwa ba na gaida kowa sai an gaishe ni. (Albashin bai taka kara ya karya ba, amma wa ya sani in ba ni da matata Ige ba?)

Mai Lofe yana da kare. Ba irin namu jajaye masu tsayayyun kunnuwa ba. Wannan fari ne da ɗigo-ɗigo masu launin hanta, kunnuwansa sun zubo har wuya kamar an jiƙa tsumma an rataya, wutsiyar kuma an datse ta tun yana ƙarami. Mutanen gari suka sa masa Dabbare. A faranti yake cin abinci, duk mako ana yi masa wanka da sabulu, kuma abin da ya fi ba ni tsoro, yana da takarda. Takardar asali ce, an jera sunan ubansa da kakansa da kakan kakansa, har da na iyayensa mata. Ni da nake ɗan Adam, in ka wuce kakana ban san kowa ba.

Da aka gama yankan gero sai lokacin hutun Mai Lofe ya yi, zai tafi ƙasarsu wata shida, kuma ba zai je da kare ba. Ya kira ni baranda ya yi mini bayani dalla-dalla da Hausarsa ta cikin littafi. Ya ce wani abokinsa likita a Sakkwato yana da karya irin Dabbare sak, ita ma da takardarta, sun yi alkawari in ya dawo za a haɗa su. Kafin nan ba ya so wata karya ta raɓe shi. Ya ce karyar da ba a san lafiyarta ba tana iya sa masa cuta, shi kuma ya shafa wa karyar abokin nasa, sannan 'ya'yan da ba wanda ya shirya musu a titi za su ƙare ana jifarsu. Daga ƙarshe ya taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Babban masinja ya tsufa zai ajiye aiki, in na riƙe amanar nan ni zan gaje shi. Babban masinja kuwa keke ake ba shi.

"Kada karya ta zo kusa," in ji shi, yana nuna ni da lofe. "Ko ɗaya. Ka ji ko?"

Na ƙame na ce, "Ranka shi daɗe, ko ƙuda ba ya sauka gare shi sai da izinina."

To, a nan ya kamata in faɗi abin da na sani game da karnuka a lokacin, wato babu. Gidanmu ba gidan kare ba ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, dawakin wani attajiri yake kula da su, a barga na tashi. Abin da na sani shi ne, in ana son iri daga ingarma, mai goɗiya ke janyo ta da igiya ya zo ya roƙi mai doki, in kuwa marar gaskiya ne ya lallaɓa wurin mai barga da goro a aljihu. Saboda haka a wurina ɓarawon iri ƙafa biyu gare shi, kuma da igiya yake zuwa. Na dai san karnukan gari na yin sha'aninsu a bayan kasuwa, ba makaho ba ne ni, amma na ɗauka wannan halin karnukan talakawa ne. Karen da ke da takarda, yana wanka da sabulu, me zai kalla a jikin karyar da ke kwana a toka? Sai dai in an yi masa asiri.

Aka rufe bariki na kawo Dabbare gida. Ige ta ce ba zai shigo mata tsakar gida yana shinshina tulunan ruwanta ba, don haka na kewaye masa wuri a bayan ɗaki da dangar kara, na kafa turke na ɗaure shi. Takardar kuwa na naɗe ta a tsumma na sa a ƙasan akwati, ƙarƙashin rigar aurena.

Kwana uku da zuwansa sai ga Baba Arzika. Baba Arzika tsohon maharbi ne, gidansa na uku daga namu, aminin mahaifina ne tun suna samari. Da mahaifina ya rasu, shi ya je ya nema mini auren Ige. Yana da wata jar karya siririya wadda duk Wurno aka san ta da kama zomo. Ya yi sallama, muka gaisa, amma na lura idonsa ba a kaina yake ba, yana kan danga. Ya kewaya ta sau biyu, ya zungure ta da sanda, ya durƙusa da ƙyar ya duba gindinta. Sannan ya tambaye ni ko na taɓa ganin iyakar tsallen karen, da kuma irin igiyar da na ɗaure shi da ita.

Nan take zuciyata ta ɗarsa. Mutumin da ke da karya, yana auna danga, yana tambayar ƙarfin igiya, me kuke so in yi tunani?

Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa ya ce, "Ɗana, dangag ga..."

Na tare shi. Na ce karen gwamnati ne, an hana a yi maganarsa da kowa. (Ba wanda ya hana. Ni na ƙirƙiro dokar a tsaye, kuma ta yi mini daɗi a baki.) Ya dube ni, ya gyaɗa kai, ya tafi.

Daga ranar nan kowa ya zama abin zargi. Wanzami yana yi mini aski ya tambaye ni ko da gaske ne kunnuwan karen na taɓa ƙasa, na tashi da rabin kai ba a gama ba. Mai fura ta tsaya a ƙofar gida fiye da yadda ta saba, na leƙa bayanta in ga ko da igiya. Ran nan na dawo na tarar Ige na babbaka cinyar zomo, ta ce daga gidan Baba Arzika aka aiko, kamar yadda aka saba aikowa tun muna amarya da ango. Na ce to, an fara sayen na cikin gida ke nan. Na hana ta karɓar komai daga gidan. Ta ce mini tsohon nan ya girmi kakina da jar darata, in ya zo da magana in bari ya ƙarasa. Na ce ai dama na san inda ta dosa. Ta yi mini wani kallo ta ci gaba da fifita wuta.

Shi kuma Dabbare ya daina cin abinci. Ya yi ta kuka yana jan igiya, kullum fuskarsa na kallon gabas, wato wajen gidan Baba Arzika. Na ce shi ke nan, asirin ya fara ci. Baba ya sake zuwa, ya sake buɗe baki, na sake tare shi. Washegari da safe na tarar da rami a gindin danga, wanda karya za ta iya bi ta shiga. Na tsuguna na yi nazari irin na masu bin sawu, na ga duk ƙasar da aka tono tana tare daga ciki, ba daga waje ba. Mai hankali da ya tsaya a nan ya yi tunani. Ni kuwa sai na girgiza kai na ce, lallai tsohon nan ya iya makirci, wato har ya san ya tura ƙasar ciki don a ce kare ne ya tona.

Abin da na yi bayan la'asar ranar nan shi ne ya fi ci mini rai har yau. Ana fitowa daga masallaci, mutane na neman takalmansu, na tsaya a gaban Baba Arzika na ɗaga murya. Na ce na san abin da yake nema, na ga raminsa, kuma in ya sake raɓar dangata sai na rubuta sunansa na kai wa Bature. (Ban iya rubutu ba, shi ma ya sani.) Tsohon ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa, ya dube ni ya ce, "To, ɗana. Kare naka na." Ya sa ɗaya takalmin ya wuce.

Ni a lokacin nasara na ga na yi. Amma na san maharba ba sa fid da rai, don haka na yanke shawarar da nake ganin ba mai iya yin irinta sai mai kaifin basira: in ɗauke karen daga Wurno baki ɗaya. Aiki dama babu a bariki tunda maigida ba ya nan, akawu ya ce in tafi duk inda na ga dama. Da sassafe na ja Dabbare muka nufi Magarya, wurin kawuna Nomau.

Kawu Nomau ya ce ni ɗansa ne, gida nawa ne, amma kare ba zai kwana inda yake salla ba. Ya ba ni bukkar gadin albasa da ke cikin fadama. Wurin ya yi mini daidai, don hanya ɗaya ce ke zuwa daga gari, kuma duk mai tahowa sai na hango shi tun daga nesa. Na kafa turke a bayan bukka, ko danga ban yi ba, me za a yi da danga inda babu ɓarawo? Na shimfiɗa buzu a gindin wata bagaruwa, na fuskanci hanya, na ba daji baya. Haka na zauna mako uku ina jiran mutum mai igiya.

Lokacin rani ne, farauta ta kankama, karnukan maharba ko'ina a fadamar. Ina ganinsu suna giftawa, wasu ma har bayan bukka, amma tunda babu mutum a bayansu ban ɗauke su bakin komai ba. Da na ga Dabbare na shaƙe kansa da jan igiya, tausayi ya kama ni na ƙara masa tsawonta kamu huɗu. Kullum ina shiga gari salla da cin tuwo gidan kawu, ran Juma'a kuwa wuni nake yi. Cikin kwana kaɗan kare ya warware. Kuka ya ƙare, ya koma cin abinci kamar ba gobe, in ya kwanta barci sai ka ce ya yi noma. Na ce wa kawu, ka gani, mun fita daga inda asirin ke kaiwa, ga kuma iskar fadama.

Da na so in ƙarasa watannin a can, sai wani maharbin Magarya mai suna Dantani ya ɓata mini lissafi. Ya zo har gindin bagaruwa, fuskarsa cike da fara'a, ya ajiye mini zabo guda, ya ce sun gode, Allah ya bar zumunci. Na tambaye shi godiyar me, ya yi dariya ya ce ai na sani. Da ya juya sai na shiga lissafi. Mutum bai san ka ba, ya kawo maka zabo, ya ce ka sani? Wannan ai ɗan aiken Baba Arzika ne, an zo a fara jiƙa ni da nama. Na ci zabon dai, amma da zargi na ci shi. Kashegari na ja kare muka yi arewa.

Rimawa muka sauka, kusa da Goronyo, gidan mijin yayata. Shi ma bayan rumbuna ya nuna mana, can bakin gona. An riga an kwashe amfanin gona, Fulani sun sauka a kan karan dawa da shanunsu da karnukansu. A nan ne wata rana da tsakar rana, na ɗan kishingiɗa, na farka na ga turke da guntuwar igiya, babu kare. Na bi gari ina haki kamar zan mutu, ina ganin keke na kuɓuce mini. Sai wajen la'asar na same shi a masheƙarin Fulani, inda suke tara shanunsu, kwance a inuwar wata saniya, harshe waje, yana kallona kamar bai san ni ba. Wani dattijon Bafulatani na zaune yana murmushi, na yi masa kallon da ya sa ya daina. Da na koma wurin turke na duba sawu, ban ga na kowa ba sai nawa. Na ce wato ɓarawon nan a cikin sawuna ya taka. (Igiyar duk yawu ce da alamar haƙora. Na gani. Na ce dabara ce.)

Bayan wata guda a Rimawa ƙafafuna suka gaji, kuɗin guzuri ya ƙare, yayata kuma ta fara ajiye mini tuwo ba tare da ta ce sannu ba. Na dawo Wurno na roƙi akawu mabuɗin siton bariki, ɗaki mai bango da ƙofar katako, na kulle Dabbare a ciki, ina fitar da shi safe da yamma da igiya a hannuna. Wannan shi ne abu ɗaya da na yi daidai a duk wata shidan, kuma ba hikima ta sa ni ba, gajiya ce. Duk tsawon lokacin in na haɗu da Baba Arzika a hanya sai in kau da kai.

Mai Lofe ya dawo da bazara, ranar kasuwa, ta hanyar Rabah. Mota ta tsaya a gaban bariki, ya fito tare da abokinsa likita, a kujerar baya ga karyar nan mai takarda tana leƙe ta taga. A bayan mota kuma, an ɗaure da igiya, ga sabon keke baƙi wul yana ƙyalli. Da na gan shi sai da na haɗiyi yawu.

Jama'a suka taru yi masa maraba, akawu, da leburorin gona, da mai unguwa, da 'yan kallo da suka biyo ƙarar mota daga kasuwa. Na fito da Dabbare, dama na yi masa wanka tas, na fito da takarda daga tsumma. Kuma don kada aikina ya tafi a banza ba a san wahalar da na sha ba, tun da safe na sa mai unguwa ya kira Baba Arzika. Ni da kaina na sa aka kira shi. Yana tsaye a gefe, ya dogara da sandarsa.

Na ƙame na fara jawabi. Na ce tun ranar da maigida ya tafi maƙiya suka taso, na nuna Baba da yatsa na ce ga shugabansu nan. Na ba da labarin rami, da zomo, da zabo, da yadda na yi ta sauya wa kare wuri daga Wurno zuwa Magarya zuwa Rimawa har na ɓatar musu da sawu. Na rufe da rantsuwa cewa wata shidan nan ko inuwar karya ba ta faɗa kan Dabbare ba. Mai Lofe yana ta gyaɗa kai, har ya juya ya ce wa direba ya kwance keken.

Ana cikin kwance igiyar ne aka yi sallama daga baya. Na waiga, sai ga Dantani na Magarya da kwando a ka, maharba biyu na biye da shi. A bayansu kuma dattijon Bafulatanin nan na Rimawa, ya rungumo wani abu a cikin rigarsa. Suka durƙusa gaban Bature, Dantani ya sauke kwando ya ɗaga faifan da ya rufe shi.

'Yan kwikwiyo ne guda huɗu. Jikinsu ja-ja da fari, amma kowanne da ɗigo-ɗigo masu launin hanta, kowanne kunnuwansa sun zubo har wuya. Bafulatanin ya buɗe riga ya ajiye na biyar.

Abin da ban sani ba, wanda duk mai kiwon kare a ƙasar nan ya sani, shi ne akwai al'ada. In karen wani ya hau karyarka ta haihu, ɗan da ya fi kyau a cikin 'ya'yan na mai karen ne. Ɓoye shi kamar sata ne, kuma maharba na cewa sauran ba za su yi albarkar farauta ba. Ba mai riƙon igiya ake kai wa ba, sai mai kare, shi ya sa suka yi ta jira har suka ji ranar da zai dawo. Karya biyar, ɗa biyar.

"Ranka shi daɗe, rabon mai kare munka kawo," in ji Dantani. Sai ya juyo ya dube ni da fuskar nan tasa mai fara'a. "Masinjanka ko mutumin kirki na. Shi da kainai yak kawo muna shi hab bakin gona, yaƙ ƙara mai igiya, in matan sun zo sai shi juya baya shi ba su wuri. Ko anini bai karɓa ba. Zabo guda munka ba shi, shi ma da ƙyar."

A shekarun da na yi da Mai Lofe ban taɓa ganin lofe ya bar bakinsa ba sai ranar. Lofen ya faɗo ƙasa, taba ta watse, ba wanda ya ɗauka. Likita ya fashe da dariya har sai da ya zauna a matakin mota, amma duk da dariyar bai manta ya miƙa hannu ya rufe tagar da karyarsa ke leƙe ba. Dabbare kuwa ya ja ni har bakin kwando yana shinshinawa, guntuwar wutsiyarsa na kaɗawa. Ni dai ina tsaye a ƙame, takardar asali a hannu, ina roƙon ƙasa ta tsage in shige, ita kuwa ƙasar bazara ta bushe ƙamas. Daga cikin 'yan kallo wani ya ce, "Ashe waliyyin aure na." Dariyar da ta biyo baya an ji ta har kasuwa.

Mai Lofe bai yi dariya ba. Ya juya ga Baba Arzika ya tambaye shi, shi ina nasa kwandon.

Baba ya ce tasa ba ta haihu ba. Ya ce a makon da aka kawo karen unguwa karyarsa ta shiga lokacinta, shi ya sa ya kulle ta a ɗakin laka kwana ashirin, har farautar farkon rani ta wuce shi, don ya san ba a ba shi izinin karen mutane ba. Abin da ya kai shi gidana kuwa, ya je ya gaya mini dangar kara ba ta riƙe karen da ya ji warin mace, sai bango da ƙofa, kuma ba mutane ake tsaro ba, karnukan ake tsaro.

"Sau biyu ina buɗa baki," in ji shi, ba tare da ya dube ni ba. "Yac ce dokar gwamnati ta."

Ranar ba a haɗa kowa da kowa ba. Likita ya ce sai likitan dabbobi ya duba Dabbare, an jira an ga lafiyarsa, ya koma Sakkwato da karyarsa. Direba ya sake ɗaure keken, daga baya wani ɗan Rabah ya same shi. Mai Lofe ya gode wa maharban, ya karɓi 'yan kwikwiyon don kada ya karya musu al'ada, ya ɗora wa Baba Arzika nema musu gidajen da za a ciyar da su, ya ce ya zaɓi ɗaya ya riƙe. Sannan ya zare igiyar Dabbare daga hannuna ya miƙa wa tsohon. Da ya juyo gare ni na ga kora a fuskarsa ƙarara, har na fara tunanin yadda zan shiga gida babu jar dara.

Baba Arzika ne ya tare. Ya ɗan rusuna ya ce, "Ranka shi daɗe, ɗan aminina na. Wauta ta, ba mugunta ba. A bar mai abincinai."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Mutumin da na tozarta a ƙofar masallaci, na sa aka kira shi don a kunyata shi a gaban Bature, shi ne ya roƙa mini aikina, kuma hujjar da ta cece ni ita ce ni wawa ne. Ba wanda ya musa, har ni.

An bar mini aiki, amma aka ƙara mini sabo: kullum da safe in ɗauki farantin abincin Dabbare daga bariki in kai gidan Baba Arzika, cikin kaki da jar dara, ta tsakiyar gari. Ranar farko da na shiga na ajiye faranti na zube a gabansa, na fara jero ban-haƙurin da na shirya. Bai bari na kai rabi ba. Ya nuna mini ɗakin laka da ya gyara wa karen, da ƙofar da ya sa, ya ce in tashi in tura in ji. Na tura, ko motsi ba ta yi ba. Ya ce to, in zauna a kawo fura. Da na koma gida Ige ba ta ce "ai na gaya maka" ba. Ta dai tambaye ni cikin ladabi ko yanzu doka ta yarda a karɓi zomo.

Har gobe in ka bi daga Wurno zuwa Goronyo za ka ga jefi-jefi karnuka masu zubabbun kunnuwa da ɗigo a jiki. Tsofaffi na kiransu jikokin masinja, yara ma na faɗa ba su san wane masinja ba, ni kuma ba na gaya musu. Abin da na koya dai shi ne, in dattijo ya zo yana zungurar dangata da sanda, na daina tambayar kaina me yake so ya ɗauka. Tabarma nake shimfiɗa masa, in kama bakina har ya kai ƙarshen maganarsa. Keke kuwa, har yau ban iya hawa ba.